Kuka da guɗa a rana ɗaya: amsa kan komowar Yahudawa daga Babila

Tambaya: Baba Malam, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni aka ɗora wa jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki a Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu, yanzu muna kan littafin Ezra. An kore mu daga ƙauyenmu a shekarar 2014, muka yi shekara uku muna gudun hijira kafin muka koma. Ranar da aka keɓe sabuwar majami'armu matasa suna ta rawa, mahaifiyata kuwa tana zaune tana hawaye, tana cewa wannan ba ta kama ƙafar ta da ba. Da muka zo Ezra sura 3 sai muka ga haka aka yi a Urushalima. Baba, shin Allah ya cika alkawarin komowa kuwa, tun da abin da suka tarar bai kai abin da annabawa suka faɗa ba? Kukan tsofaffin nan rashin godiya ne? Mu ma hukunci Allah ya yi mana kamar yadda ya yi musu?

Amsa: 'Yata, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙara miki ƙarfi. Na daɗe ina koyar da Tsohon Alkawari, kuma na lura cewa waɗanda suka taɓa barin gida da gudu suna karanta Ezra da Nehemiya da wani ido da mu da muka koya a aji ba mu da shi. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce mai hana barci.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnesar sarkin Babila ya kwashe sarki Yekoniya da fadawansa da maƙera da masu sana'a, annabi Ezekiyel yana cikinsu. Bayan shekara goma sha ɗaya, a 586, sojojinsa suka fasa garun Urushalima, suka ƙone Haikalin da Sulemanu ya gina, suka yanka 'ya'yan sarki Zadakiya a gabansa a Ribla, sannan suka ƙwaƙule masa idanu. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye dalilin wannan masifa ba. 2 Tarihi 36:15-16 ya ce Allah ya yi ta aiko manzanni saboda tausayin jama'arsa, su kuwa suka yi ta yi musu ba'a har abin ya kai inda babu magani. Irmiya shi kaɗai ya yi kusan shekara arba'in yana gargaɗi. Wato hukuncin Yahuza abu ne da Allah da kansa ya ambata da suna, ta bakin annabawansa, tun kafin ya faru. Babu annabin da Allah ya aiko ya ce ƙone ƙauyenku hukunci ne, kuma duk mai wa'azin da ya ɗauki wannan hukunci ya ɗora a kanku ya faɗi abin da ba a aike shi da shi ba. Mugaye ne suka yi muku mugunta. Da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, da mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, cewa ya yi ba su fi sauran mutane zunubi ba (Luka 13:1-5). Kiran tuba da ya yi a wurin na kowa ne, har da waɗanda suke kwana lafiya a ɗakunansu.

Ko a cikin Yahudawan ma, ba a auna laifin mutum da nisan inda aka kai shi ba. Ki karanta wa matan Irmiya sura 24. Allah ya nuna wa annabin kwando biyu na ɓaure, ɗaya masu kyau ƙwarai, ɗaya ruɓaɓɓu da ba sa ciwuwa. Mutanen da suka rage a Urushalima suna ganin su ne Allah ya tsare, waɗanda aka kwashe kuwa su ne ya yasar. Sai Allah ya juya lissafin, ya ce ɓauren kirki su ne waɗanda aka kai Babila, idonsa yana kansu don alheri, zai kuma komo da su. Daniyel bai yi wani laifin da ya sa aka ɗauke shi yana saurayi ba. A Ezekiyel 11:16 kuma akwai wata magana da nake so kowane ɗan gudun hijira ya haddace: Allah ya ce ko da ya warwatsa su cikin ƙasashe, shi da kansa ya zama musu wuri mai tsarki a inda suka je. Haikali ya ƙone, amma mai Haikalin ya bi su har bakin kogin Kebar.

Zaman talalan nan ya yi tsawo fiye da yadda kowa ya so. Wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali ya ce nan da shekara biyu za a dawo da kowa da komai, har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya a gaban jama'a. Magana ce mai daɗin ji, amma ƙarya ce. Irmiya ya rubuta wa waɗanda suke Babila wasiƙa ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, su yi masa addu'a, domin sai shekara saba'in ta cika. Ayar nan da muke rubutawa a katin biki da jikin mota, Irmiya 29:11, cewa Allah yana da shiri na alheri dominmu, a cikin wannan wasiƙa take, kuma aya ta goma da ke gabanta ita ce ta shekara saba'in. Yawancin waɗanda suka fara jin karatunta a Babila aka binne su. Jikokinsu ne suka ga cikar maganar. Masana suna lissafa saba'in ɗin ta hanya biyu, wasu daga kwashewar farko wajen 605 zuwa komowar farko, wasu daga rushewar Haikali a 586 zuwa kammala sabo wajen 516. Ta kowace hanya aka bi, rayuwar mutum guda ce cur.

A shekara ta 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila, a shekararsa ta fari kuma ya ba da shela cewa duk Bayahuden da ke so ya koma ya gina Haikali. A 1879 masu tonon kayan tarihi sun samo wani ɗan gungumen yumɓu a kufan Babila, yana gidan tarihi na Landan yanzu, wanda a jikinsa Sairus ya sa aka rubuta yadda ya mai da gumakan al'ummai da mutanensu garuruwansu. Bai ambaci Yahudawa ba, kuma sunan Marduk gunkin Babila ya kira a matsayin wanda ya ba shi nasara. Siyasarsa ke nan, ya san talakan da aka bar shi da abin bautarsa ba ya saurin tawaye. Duk da haka Ishaya 45 ya kira shi zaɓaɓɓen Ubangiji, har sau biyu Allah yana ce masa, ko da yake ba ka san ni ba. Wannan yana ba ni mamaki kullum. Ƙofar da jama'ar Allah suka yi shekaru suna kuka a bakinta, hannun sarkin da bai san Allah ba ne ya buɗe ta. Idan taimakon da ya mai da ku gida ya biyo ta hannun gwamnati, ko wata ƙungiya, ko maƙwabci Musulmi da ya ɓoye ku a ɗakinsa, kada ki yi shakkar cewa Ubangiji ne ya aiko.

Yanzu ki buɗe Ezra sura 2, surar da kowa ke tsallakewa saboda sunaye. Kada ku tsallake ta. Jimillar waɗanda suka tashi mutum 42,360 ne, ban da barori 7,337 da mawaƙa 200. Dabbobinsu ma an ƙirga: dawakai 736, alfadarai 245, raƙuma 435, jakuna 6,720. Dubi yawan jakuna a kan dawakai, za ki san ayarin talakawa ne. Tafiyar ta fi kilomita dubu, domin ba a ratsa hamada kai tsaye, sai an bi gaɓar kogin Yufiretis an yi arewa sannan a gangaro. Ezra da ya bi hanyar daga baya wata huɗu ya yi. Firistoci sun haura dubu huɗu, amma Lawiyawa, masu aikin hidima na yau da kullum a Haikali, 74 ne kacal. Da yawa sun zauna abinsu a Babila. Allunan yumɓu da aka tono a ƙasar Iraki ta yau sun nuna Yahudawa suna noma, suna haya, suna kasuwanci, har da wani gari da ake kira garin Yahuza. Mai gona da rumfa a kasuwa ba ya saurin ɗaure kaya ya nufi kufai. Littafin bai zage su ba. Ezra 1:6 ya ce maƙwabtan masu tafiya sun tallafa musu da azurfa da zinariya da dabbobi, kuma daga cikin zuriyar Yahudawan da suka zauna Esta da Ezra da Nehemiya suka fito. Na faɗi haka ne domin na san a ƙauyuka da yawa akwai ɗan tsami tsakanin waɗanda suka koma da waɗanda suka kafu a Yola ko Jos ko Abuja.

A cikin jerin sunayen akwai layi guda da ke taɓa zuciyata: mutanen Anatot, 128. Anatot ƙauyen Irmiya ne. Lokacin da sojojin Babila suka kewaye Urushalima, Irmiya yana tsare a gidan waƙafi, ɗan baffansa Hanamel ya zo ya ce ya sayi gonarsa da ke Anatot. Wa ke sayen gona a ƙasar da abokan gaba suka riga suka tattake? Irmiya ya auna shekel goma sha bakwai na azurfa ya biya, aka sa hannu a gaban shaidu, ya ce a sa takardun a tukunyar ƙasa don su daɗe, gama za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan (Irmiya 32). Bai taɓa noma gonar ba, Masar aka ja shi daga baya. Bayan shekara hamsin sai ga mutum 128 sun sauke kaya a Anatot. Baitalami kuwa 123 ne suka koma cikinta. Da ba su koma ba, da wane gari Yusufu mijin Maryamu zai je a rubuta shi lokacin haihuwar Yesu?

Abin da suka fara ginawa bagade ne. Ba su jira bango ko rufi ba. Ezra 3:3 ya ce sun kafa shi a tsohon gurbinsa alhali tsoron mutanen ƙasar yana kansu, suka fara miƙa hadaya safe da yamma. Tsoro bai tafi ba tukuna suka fara sujada. Na taɓa zuwa wani ƙauye a arewacin Adamawa bayan mutanensa sun koma. Majami'ar bango huɗu ne kawai ya rage, baƙi ƙirin da hayaƙi, kwanon rufin ya lanƙwashe ya zube a ciki an ja shi gefe. Kowa ya zo da abin zamansa, wani turmi, wani bulo, wata tsohuwa da ɗan buhu. Ƙararrawarsu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen dogon yaro, wani yaro yana bugunsa da guntun ƙarfe. Littafin waƙoƙi guda biyu ne a hannun jama'a duka, amma ba wanda ya buƙace su. Ana cikin waƙa idon dattawan yana kan hanyar da ta fito daga dutse. A ranar na gane Ezra 3:3 fiye da duk shekarun da na yi ina koyar da ita.

A wata na biyu na shekara ta biyu aka sa harsashin Haikali. An yi ƙoƙari a bi sawun Sulemanu, har itacen al'ul aka sayo daga Lebanon, aka biya mutanen Taya da Sidon da abinci da abin sha da mai, suka kawo ta teku zuwa Yafa. Firistoci suka sa rigunansu suka riƙe kakaki, 'ya'yan Asaf suka ɗauki kuge, aka rera cewa Ubangiji nagari ne, ƙaunarsa ga Isra'ila ba ta ƙarewa. Wannan waƙar ce Irmiya 33:10-11 ya ce za a sāke ji a titunan da suka zama kango. Matasan da aka haifa a Babila ba su taɓa ganin Haikali ba, labarinsa kawai suka sha a bakin kakanni, yau ga dutse a kan dutse, sai suka ɓarke da sowa. Tsofaffin kuwa shekara hamsin ke nan rabonsu da wurin. Wanda ya bar shi yana ɗan shekara goma sha biyar yanzu ya haura sittin. Yana kallon harsashin nan yana ganin ginshiƙan tagulla biyu da aka farfasa aka kai Babila, yana ganin babansa da ya riƙe masa hannu suka hau matakala, yana tuna waɗanda aka kashe a filin nan da waɗanda suka mutu a hanya. Akwatin alkawari babu shi, ba a kuma ƙara jin labarinsa ba. Sai suka fashe da kuka da babbar murya. Marubucin ya rufe surar da cewa ba a iya rarrabe sowar murna da muryar kuka ba, an kuwa ji ƙarar daga nesa.

Ki lura, 'yata, ba a tsawata wa kowa ba. Ba a ce tsofaffi su yi shiru kada su ɓata biki ba, ba a kuma ce matasa su rage murna don girmama masu kuka ba. Ƙara ɗaya ce ta tashi sama, Allah kuma ya karɓe ta a haɗe. Don haka amsata ga tambayarki ta biyu ita ce a'a, kukan mahaifiyarki ba rashin godiya ba ne. Ba ginin kawai take yi wa kuka ba. A tsohuwar majami'ar aka ɗaura mata aure, watakila a nan aka yi miki baftisma, akwai kuma waɗanda suke zama kusa da ita a benci da ba su dawo ba. Mutumin da ya manta da abin da ya rasa ba ya fin mai tunawa bangaskiya. Ta zo, ta zauna a cikin sabuwar, wannan ma godiya ce.

Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne yadda Allah ya yi magana da irin waɗannan tsofaffi bayan shekaru. A Haggai sura 2, ranar ashirin da ɗaya ga wata na bakwai, ƙarshen Idin Bukkoki, idin da a lokacinsa aka keɓe Haikalin Sulemanu, Allah ya aiko annabin ya tambaye su: wa ya rage a cikinku da ya ga Haikalin nan da darajarsa ta da? Yaya kuke ganinsa yanzu? Ba kamar ba kome ba ne a idonku? Bai ce musu idonsu ne ya ruɗe su ba. Gaskiya ne, ƙarami ne. Ranar keɓe na Sulemanu an yanka shanu 22,000 da tumaki 120,000, ranar keɓe wannan kuwa bijimai 100, raguna 200, 'yan raguna 400, da bunsuru 12. Allah ya yarda da abin da idonsu ya gani, sannan ya ce wa Zarubabel gwamnan Yahuza da Yoshuwa babban firist da dukan jama'a su yi ƙarfin hali su yi aiki, gama yana tare da su, Ruhunsa yana zaune a tsakiyarsu. Zakariya ma a lokaci guda ya yi tambayar nan, wa ya raina ranar ƙananan abubuwa?

Inda haɗarin yake shi ne abin da ya biyo bayan bikin. Mutanen ƙasar suka tsorata su, suka sayi 'yan fada a kansu, aiki ya tsaya wajen shekara goma sha shida, har shekara ta biyu ta sarki Dariyus, wato 520. A tsakanin nan kowa ya koma kan nasa. Suna cewa lokaci bai yi ba tukuna, alhali sun yi wa nasu gidajen rufi mai kyau. Haggai ya kwatanta zamansu da maganar da kowane magidanci zai gane: kun shuka da yawa kun girbe kaɗan, kuna ci ba ku ƙoshi, mai ƙwadago yana zuba ladansa a huɗajjen aljihu. Ya yi wa'azin nan ran ɗaya ga wata na shida, ran ashirin da huɗu ga watan suka fito aiki. Da gwamna Tattenai ya rubuta wa sarki yana tambayar wa ya ba su izini, aka bincika ɗakunan ajiya aka sami takardar Sairus a Akmeta ta ƙasar Mediya, Dariyus ya ce a ƙyale su, a kuma biya kuɗin aikin daga harajin lardin. A shekara ta shida ta mulkinsa, ran uku ga watan Adar, aka gama.

Akwai haɗari na biyu, shi ne ya fi ba ni tsoro game da mutanenmu da suka koma. Nehemiya ya iso Urushalima a shekara ta 445, ya zaga rusasshen garun da dare a kan dabbarsa, ya tara jama'a, maƙeran zinariya da masu haɗa turare da 'ya'yan Shallum mata duk suka kama, aka gama cikin kwana 52 duk da ba'ar maƙiyansu Sanballat da Tobiya. Amma ana tsakiyar aikin sai kuka ya tashi daga cikin gida. Talakawa da matansu suka ce sun jinginar da gonakinsu don su sami hatsi, sun ci bashi don biyan harajin sarki, har 'ya'yansu mata sun shiga bauta, kuma a hannun 'yan'uwansu Yahudawa (Nehemiya 5). Waɗanda suka sha wuya tare, da suka dawo sai mai ɗan ƙarfi ya fara cin marar ƙarfi. Nehemiya ya husata, ya tara manya ya sa suka rantse za su mai da gonaki a ranar, shi kansa kuma ya yi shekara goma sha biyu yana gwamna bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba. Ku tsaya a kan wannan sura ku yi magana ta gaskiya. Gwauruwar da mijinta bai dawo ba, gonarsa tana hannun wa? Kayan agaji da aka kawo, sun kai ga wadda ba ta da mai tsaya mata? Wanda ya ba da rancen mudu goma da bazara, nawa yake karɓa da kaka?

Wani ɗan abu kuma da zai amfane ku. Ezra da ya taso da ayarinsa a 458 ya ji kunyar roƙon sarki sojoji, domin ya riga ya gaya masa hannun Allah yana kan masu nemansa, sai suka yi azumi a bakin kogin Ahawa suka kama hanya. Nehemiya kuwa ya karɓi wasiƙu da mahayan dawakai daga sarki. Dukansu biyu sun ce hannun Allah ne yake kansu. Kada wanda ya jira rakiyar soja da wanda ya shigo ba rakiya su auna bangaskiyar juna da wannan. Idan kuka kai sura 9 da 10 na Ezra, batun sakin matan baƙi, ku karanta tare da littafin Rut da 1 Korantiyawa 7:12-14. Damuwar Ezra bautar gumaka ce da ta kai su Babila tun farko, Manzo Bulus kuwa ya hana mai bi ya saki abokin aurensa marar bi muddin ya yarda su zauna.

Saura tambayarki ta farko. Allah ya cika alkawari, ƙwarai kuwa. Al'ummai da yawa da Assuriya da Babila suka kwashe sun narke, ba a ƙara jin sunansu ba, waɗannan kuwa sun dawo da sunayen kakanninsu da Attaurarsu da waƙoƙinsu, har da kwanonin Haikali da Sairus ya sa aka ƙirga wa Sheshbazzar shugaban Yahuza, guda 5,400. Amma kin yi gaskiya, bai kai duk abin da Ishaya da Ezekiyel suka hango ba, su ma sun san haka. Babu ɗan Dawuda a kan gadon sarauta, Zarubabel gwamna ne a ƙarƙashin Farisa. Ba a rubuta cewa girgijen ɗaukaka ya cika wannan Haikali kamar na Sulemanu ba. A addu'arsu ta Nehemiya 9:36 da bakinsu suka ce, ga mu yau bayi ne a ƙasar da ka ba kakanninmu. Sun dawo gida, amma da sauran jira.

Zabura 126 ita ce waƙar masu irin wannan zama. Rabinta na farko dariya ne, sun ce da Ubangiji ya komo da su sun zama kamar masu mafarki. Rabi na biyu kuwa roƙo ne, ya sāke komo da su kamar rafuffukan Negeb. Negeb busasshiyar ƙasa ce a kudancin Yahuza, rafinta kamar namu ne da rani, yashi zalla, sai a yi ruwa a kan tudu cikin dare a wayi gari ya cika ya batse. Sannan ta kawo mai shuka da hawaye. Ke 'yar manoma ce, kin san lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ruwan fari ya sauka, abin da ya rage a gida shi ne irin da aka ɓoye a tulu. Yara suna kallon hatsin nan, uban ya ɗauka ya fita ya zuba a rami ya take da diddige. Wannan ne kukan da Zabura take nufi, kuma shi ta ce zai dawo da dammuna yana waƙa.

Haggai ya ce darajar Haikalin nan ta ƙarshe za ta fi ta farko. Tsofaffin da suka ji shi sun mutu ba su gani ba. Hirudus ya faɗaɗa ginin ya ƙawata shi daga baya, amma mu masu bin Almasihu mun ga cikar maganar a wata rana da ba a busa kakaki ba, bayan shekara ɗari biyar, da wani kafinta da matarsa suka shigo da jariri da hadayar talakawa ta 'yan tattabarai biyu. Waɗanda suka gane shi tsofaffi ne, Saminu da ke jiran ta'aziyyar Isra'ila, da Hannatu gwauruwa da ba ta rabuwa da Haikali dare da rana. A kan harsashin da kakanninsu suka jiƙa da hawaye Saminu ya karɓi Yesu a hannunsa. Mu ma har yanzu da sauran jira, shi ya sa Ibraniyawa 11 ya kira masu bangaskiya baƙi masu neman ƙasa tasu, Wahayin Yahaya 21:4 kuma ya ajiye share hawaye na ƙarshe a hannun Allah da kansa.

Ga shawarata game da nazarin. Ranar da za ku yi Ezra 3, kada ki yi dogon bayani. Ki karanta ayoyi 10 zuwa 13 sau biyu, sannan ki roƙi iyaye mata su ba 'yan mata labarin tsohuwar majami'ar, wa ya ɗebo yashi, wa ya ba da kwano, wace waƙa aka fi so, su kuma ambaci sunayen waɗanda ba su dawo ba, wata ta rubuta a littafin zumunta kamar yadda Ezra ya rubuta nasa. Mai kuka ta yi kukanta, kada a ce mata ta yi haƙuri da wuri. Bayan haka 'yan matan su tayar da waƙa. Mako na gaba ku karanta Nehemiya 8, inda jama'a suka tsaya a dandalin Ƙofar Ruwa tun safe har tsakar rana suna jin Attaura suna kuka, aka ce musu su tafi su ci mai daɗi su sha zaƙi, su aika wa wanda ba shi da kome, gama farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinsu. Ku yi yadda suka yi, kowace ta kawo abin da ta iya, a dafa, a fara kai wa gwauraye da marayu kafin kowa ya sa hannu.

Ki gaishe mini da Mama da kyau. Ki ce mata in Ubangiji ya kai ni wajenku, a bakinta nake so in ji yadda tsohuwar majami'ar take.